MATA A MAJALISAR TARAYYA: INA GIZO YAKE SAƘA?

 

Abin da wannan zama zai duba a yau shi ne batun wakilcin mata a Majalisar Tarayya ta Nijeriya. Mai yiwuwa wani ɗan'uwa ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Taro na samari ne, batu kuwa na mata ne. To, amsar ita ce babu saurayin da ba mace ce ta haife shi ba, kuma dokar da aka yi a Abuja kan asibiti ko makaranta tana faɗowa ne a kan uwarsa da ƙanwarsa tun kafin ta iso kansa. Sannan kuma idan zaɓe ya zo, samari ake ɗauka haya su tare hanya, su yi ihu, su kori wanda aka ce su kora. Ke nan maganar ta shafi matashi ta fuska biyu, ko ya so ko ya ƙi.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Majalisar Tarayya tana da kujeru 469, wato 109 a Majalisar Dattawa da 360 a Majalisar Wakilai. A zaɓen 2023 mata uku ne kacal aka bayyana sun ci kujerar Sanata: Ireti Kingibe daga Abuja, Idiat Oluranti Adebule daga Legas, da Ipalibo Banigo daga Ribas. Daga baya, a ƙarshen Oktoban shekarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa Natasha Akpoti-Uduaghan kujerar Kogi ta Tsakiya, suka zama huɗu. A Majalisar Wakilai kuwa ba su kai 20 ba. Idan aka haɗa duka, mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na majalisar ba. Wato a cikin kowane 'yan majalisa 20, da ƙyar a samu mace ɗaya.

Ɗan'uwa ya sake duba jerin nan na huɗu da kyau. Jihohi bakwai na Arewa maso Yamma suna da Sanatoci 21, jihohi shida na Arewa maso Gabas suna da 18. Kujeru 39 ke nan, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu. Alhali kuwa rajistar da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar kafin wannan zaɓen ta nuna mutum sama da miliyan 93, kuma kashi 47.5 cikin 100 daga cikinsu mata ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Kano ko Gusau ko Damaturu ya ga tsawon layin mata, da goyo a baya, cikin rana. Su ne masu jefa ƙuri'a, wasu ne masu hawa kujera.

Abin ma baya yake komawa. A 1999 mata uku ne a Majalisar Dattawa. A 2007 suka kai tara, kuma a shekarar ce Patricia Etteh ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, kodayake ba ta cika wata biyar ba ta sauka. Daga nan sai adadin ya dinga raguwa har aka dawo inda aka fara. A duniya kuwa akasin haka ne ya faru. Ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya mai hedkwata a Janeba ta ƙiyasta cewa a 1995, shekarar da aka yi babban taron mata a Beijin, mata kashi 11 ne cikin 100 na 'yan majalisun duniya, amma a farkon 2025 sun haura kashi 27.

DAGA INA AKA FARO?

Ba za a gane wannan lamari ba sai an waiwayi tarihi. A zaɓen 1959, wanda ya share fagen 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa doka ba ta ba su dama ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano tana cikin waɗanda suka yi ta kiran a ba su. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar, ta sha ɗauri da duka sau da dama a kan wannan kira da makamantansa. Sai a 1976, a ƙarƙashin mulkin soja, aka buɗe wa matan Arewa wannan ƙofa, kuma babban zaɓen farko da suka shiga shi ne na 1979.

Mace ta farko da aka zaɓa Sanata a ƙasar nan ita ce Franca Afegbua daga tsohuwar Jihar Bendel, a 1983. Wata uku bayan rantsar da su sojoji suka kifar da gwamnatin a ranar 31 ga Disamba. Daga nan aka shiga dogon mulkin soja, wanda in ban da ɗan taƙaitaccen gwaji a farkon shekarun 1990, bai bar wata majalisa ta zauna da gindinta ba sai 1999. Saboda haka lokacin da aka dawo siyasa, waɗanda suke da kuɗi da tsoffin hanyoyi da uwayen gida su ne suka riga kowa kama wuri, kuma kusan dukkansu maza ne.

ƘOFOFIN DA AKA RUFE

To, mene ne yake hana mace kaiwa? Yawancin mutane suna zaton a ranar zaɓe ake kayar da mata. Gaskiyar magana ita ce mafi yawansu ba sa ma kaiwa ranar, domin tun a cikin jam'iyya ake gama da su. Tsarin Mulkin 1999 bai yarda mutum ya tsaya takara da ƙashin kansa ba, dole sai wata jam'iyya ta tsayar da shi. Ke nan wanda ya riƙe jam'iyya shi ya riƙe mabuɗin majalisa.

Ƙofa ta farko ita ce kuɗi. A 2022 jam'iyyar APC ta sa fom ɗin takarar Sanata a kan Naira miliyan 20, na Majalisar Wakilai miliyan 10. PDP ta sa nata a kan miliyan 3.5 da miliyan 2.5. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. Ɗan'uwa ya yi lissafi: ma'aikacin da yake karɓar wannan albashi sai ya yi sama da shekara 55 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara miliyan 20. Jam'iyyun sukan ce sun yafe wa mata babban kaso na kuɗin fom, kuma haka ne. Sai dai fom somin-taɓi ne. Babban kashin yana wajen wakilan zaɓen fidda gwani, waɗanda kowa ya san yadda ake sayen ƙuri'unsu, sannan ga motoci, ga fastoci, ga masu tsaron akwati, ga lauyoyi idan an tafi kotu. A ƙasar da gona da fili da babban jari galibi suke hannun maza, mata nawa ne za su iya ɗaukar wannan kaya?

Ƙofa ta biyu ita ce ubangida. Sau da yawa tikiti ba a filin zaɓe ake ba da shi ba, a falon gwamna ko na wani jigo ake yanke shi, cikin tsakar dare, sannan da safe a ce an yi sasanci. Matar aure mai mutunci da za ta fita ƙarfe biyu na dare zuwa irin wannan zama, kafin gari ya waye an ɓata mata suna. Idan kuma ba ta je ba, an raba ba da ita ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙofa ta uku ita ce ta asali. Mace ta tashi a wata jiha ta yi aure a wata. Idan ta nemi kujera a garin mijinta sai a ce baƙuwa ce, idan ta koma garin ubanta sai a ce ai ta riga ta bar gida.

Ƙofa ta huɗu, wadda ta fi shafar wannan zama, ita ce ta tashin hankali. Ko'ina da sunan da ake kiransu: 'yan jagaliya a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi. A Nuwamban 2019, bayan zaɓen gwamna a Jihar Kogi, an banka wa gidan wata shugabar matan jam'iyya wuta tana ciki, ta ƙone ƙurmus. Wace uwa ce za ta ji wannan labari ta bar 'yarta ta shiga? Kuma su wa ake ba ƙwaya da 'yan canji su yi irin wannan aika-aika? Samari ne, sa'o'in waɗanda suke zaune a nan.

Ɗan'uwa ya lura da abu ɗaya. Uku daga cikin ƙofofin nan huɗu, wato kuɗi da ubangida da daba, su ne dai suke hana malamin makaranta da manomi da ɗan talaka shiga majalisa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙarancin mata alama ce ta wata cuta da ta fi shi girma, sai dai cutar ta fi cin mata saboda su ne suka fi rauni a wajen dukiya da ƙarfin tuwo.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Ba sai an je Turai ba. A Jamhuriyar Nijar, zaɓen 1999 ya ba da mace ɗaya tak a cikin 'yan majalisa 83. A shekarar 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta ce kowane jinsi kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na zaɓaɓɓu. A zaɓen 2004 sai ga mata 14 cikin 113. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, kuma majalisar da aka zaɓa a 2020 mata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu a cikinta, kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rushe ta. Waɗannan fa mutane ne masu harshe ɗaya da addini ɗaya da Katsina da Sakkwato.

A Senegal, wadda sama da kashi 90 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, an yi doka a 2010 cewa jerin 'yan takarar kowace jam'iyya sai ya zama namiji, mace, namiji, mace, in ba haka ba a yi watsi da shi. A zaɓen 2012 mata suka samu kujeru 64 cikin 150.

Ruwanda ce aka fi buga misali da ita. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994, tsarin mulkin 2003 ya ware wa mata kujeru 24 daga cikin 80 na majalisar wakilai, sannan suna da damar neman sauran ta hanyar jam'iyyu. A 2008 ta zama ƙasa ta farko a duniya da mata suka fi maza yawa a majalisa, kuma a zaɓen 2024 sun haura kashi 60 cikin 100.

Me ya sa abin ya yi sauƙi a can? Sirrin yana cikin tsarin zaɓe. A waɗannan ƙasashe ana zaɓen jerin sunaye ne, jam'iyya ta kawo mutane da yawa a takarda ɗaya, saboda haka doka tana iya cewa a saka mata kaza a ciki. A Nijeriya kuwa mazaɓa ɗaya kujera ɗaya ce, kuma kujera ɗaya ba ta rabuwa kashi-kashi. Duk macen da aka ba tikiti, wani namiji ne ya rasa. Shi ya sa Manufar Jinsi ta Ƙasa ta 2006, wadda ta ambaci kashi 35 cikin 100, ta tsaya a kan takarda.

RANAR 1 GA MARIS, 2022

Saboda wannan matsala ce aka kawo shawarar a ƙirƙiro ƙarin kujeru 111 na mata zalla, 37 a Majalisar Dattawa da 74 a ta Wakilai, ta yadda babu namijin da zai rasa tasa. A ranar 1 ga Maris, 2022, majalisun biyu suka kaɗa ƙuri'a kan gyaran Tsarin Mulki, suka yi fatali da wannan ƙuduri tare da wasu huɗu da suka shafi mata, ciki har da na ba matar aure asalin jihar mijinta bayan shekara biyar. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. An sake kawo ƙudurin a majalisar da ta biyo baya, an rage kujerun tarayya zuwa 74, kuma ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai a 2024. Sai dai gyaran Tsarin Mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, alhali bayan zaɓen 2023 jihohi fiye da goma ba su da mace ko ɗaya a majalisunsu.

Adalci ne a faɗi hujjar waɗanda suka ƙi. Sun ce majalisar tana lashe kuɗin da ya yi yawa tun yanzu, ina ga an ƙara kujeru? Wannan magana ce mai nauyi. Amma sai a tambaya, me ya hana masu wannan hujja su rage alawus ɗinsu? Sun kuma ce kujerun za su ƙare ne a hannun matan gwamnoni da 'ya'yan manya. Wannan ma yana iya faruwa, domin ubangidan da yake raba tikitin maza shi zai raba na mata.

ADADI KAƊAI BA YA KAWO ADALCI

A nan ne ya kamata matashi ya yi hattara, kada a ruɗe shi da alƙaluma. Ruwandar da ake yabo, a cikinta ne aka ɗaure Victoire Ingabire daga 2010 zuwa 2018 bayan ta dawo gida neman shugabanci, aka kuma hana Diane Rwigara tsayawa takara a 2017 da 2024. A zaɓen 2024 an ce Shugaba Paul Kagame ya samu sama da kashi 99 cikin 100. Majalisar da ba ta iya ce wa shugaba a'a, ko mata ne suka cika ta ko maza, 'yar amshin Shata ce.

Amma kuma kuskure ne a ce zaman mata ba ya canza komai. A Indiya, tun daga 1993 aka ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na shugabancin majalisun ƙauyuka. Binciken da Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay suka wallafa a 2004 ya gano cewa ƙauyukan da mata suka shugabanta sun fi kashe kuɗi a kan ruwan sha. Dalili a fili yake: wanda yake ɗaukar tulu shi ya san nisan rijiya. Duk da haka a can ma an sha samun inda mace ce a kan kujera, mijinta ne yake mulki.

To, a kawo wannan gida. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duk duniya a Nijeriya suke. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Majalisa ce take amincewa da kasafi. An sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, 110 a Dapchi a 2018, sannan kusan 300 a Jangebe a 2021. A 2016 an kawo wa Majalisar Dattawa ƙudurin daidaita damar maza da mata, aka yi watsi da shi bisa cewa wasu sassansa, musamman na gado, sun ci karo da addini. Ko mutum yana ganin an yi daidai, ya dai san cewa a ranar mace ɗaya ce tak a zauren daga duk jihohin Arewa 19. An yi wa mace Musulma ta Arewa aski ba ta nan, masu kawowa da masu ƙi duk da sunanta suke magana.

INA MATSAYIN ADDINI?

Malamai sun yi magana mai tsawo a kan shugabancin mace. Jumhurunsu sun hana ta shugabanci mafi girma na al'umma. A alƙalanci kuma sun saɓa: Abu Hanifa ya halatta in ban da haddi da kisasi, Ɗabari ya halatta baki ɗaya, wasu sun hana. Zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan masu shawara da bin diddigin mahukunta kuwa wata mas'ala ce dabam, kuma malaman zamani da dama sun halatta shi da sharuɗɗan kamun kai, wasu kuma ba su gamsu ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne an saurari mata a al'amuran jama'a tun farko. Shawarar Ummu Salama ce ta warware ƙullin da aka shiga a Hudaibiyya. A ƙasar nan ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Saboda haka wanda zai yi magana da sunan addini ya yi da ilimi. Ɗan siyasar da bai tuna da addini ba ranar rabon kwangila, sai ranar da mace ta nemi kujerarsa, addinin ba shi ne damuwarsa ba.

ME YA RAGE GA MATASHI?

Na farko, kada ɗan'uwa ya yarda a mayar da shi sandar dukan kowa, mace ko namiji. Wanda ya ba shi ƙwaya da adda, 'ya'yansa suna jami'a a ƙasar waje.

Na biyu, ya tsare harshensa, a majalisar unguwa da kuma a waya. Mutum yana da damar ƙin zaɓen mace, yana da damar sukar aikinta, amma jifan ta da alfasha ba tare da shaida ba ƙazafi ne, kuma hukuncinsa sananne ne.

Na uku, ya tsaya a kan karatun ƙanwarsa da matarsa da 'yarsa, na addini da na zamani. Duk wata doka ta kaso da za a yi, idan babu mata masu ilimi da tarbiyya daga gidajen talakawa, 'ya'yan masu hannu da shuni ne za su kwashe. Wanda yake ƙorafin namiji ya duba matarsa a asibiti, ya tambayi kansa ko ya bar ƙanwarsa ta gama sakandare.

Na huɗu, duk wanda yake kan kujera da sunan mazaɓa, a tambaye shi: sau nawa ya yi magana a kan asibitin haihuwa na yankinsa? Ina kuɗin ayyukan mazaɓa suka shiga? Makarantun 'yan mata nawa ne suke da katanga? Tambayar ɗaya ce ko Alhaji ne ko Hajiya, domin amanar ɗaya ce, kuma hisabin da ke jiran mai ita ɗaya ne.

Allah Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta, Ya jiƙan iyaye mata da suka rasu a kan gwiwa, Ya shiryi matasa.